Mutumin Zane Ya Tashi

A Kasuwar Dole na ba yaro dala ashirin
ya tura mini a waya.
Ya ce, "Na manya ne fa, Rabe."
Na ce zane ai zane ne.

Da dare aka ɗauke wuta a Garin Malam,
dutsen bayan gida na amayar da zafin rana.
Mutumin zane, mai kai kamar kabewa,
ya zagi surukinsa, na yi dariya.
Ya bugu ya hau babur, na yi dariya.
Sai tirela.
Jini ja wur ya cika gilashin wayata,
hanji a rataye a madubi,
wasu da ba a gani suna ta ƙyaƙyatawa.
Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya nemi hularsa.

Ban san Habsu na bayana ba.
Shekararta shida, ko rigar lakwal ba ta cire ba.
Ta ce, "Kawu, mai da baya."
Na mayar.
Ta ce, "To Abba, a hanyar Tanut,
don me ba a jira shi ya tashi ba?"

Na kife wayar a tabarma.
Ƙarƙashinta dariyar ba ta daina ba.