Fiton Takobi

A Noshiro, bayan gidan wankan unguwa,
akwai wani zauren katako mai sanyin daɓe.
Nan nake zuwa Talata da Juma'a
in na tashi daga gidan waya, yatsuna duk ƙurar ambulan.
Dusar ƙanƙara kan toshe rabin ƙofar,
sai an sa kafaɗa.

Malam Hoshikawa ya ba tamanin baya.
Yana ta rufe masa ido, ba ya raba ni da ginshiƙi.
Yakan zauna gefen murhun kananzir,
ya karkato kunnen hagu, wanda bai mutu ba.

Akwai siririn kwari a jikin takobina,
daga ƙota har kusa da tsini.
In sara ya miƙe, iska ta bi ta ciki,
sai ya yi fito, gajere, tsaf,
kamar an keta sabon yadi.
In ya kauce ko da faɗin gashi ne,
sai ka ji fuu, kamar mai hura ɗanyen itace.

Daren nan na zare, na ɗaga, na sauke.
Fuu.
Na sake. Fuu.
"Chizuru," in ji shi, "da wa kika zo?"
Na waiga. Takalman mutum biyu ne a bakin ƙofa, nasa da nawa.
"Ni kaɗai ce, Malam."
"A'a. Ku biyu ne a ƙota ɗaya,
wani na ja, wani na turawa."

Ban ba shi labarin Noboru ba,
ƙanena da ya sa hannu a takarda
ya sayar da jirgin kamun kifin babanmu
tun turaren makoki bai bar labule ba.
Ban ce masa tun safe nake wasa wata magana a bakina,
wadda zan soke shi da ita ta waya ba.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Shi da ba ya ganin fuska, ƙarfe yake tambaya.

"Ƙarfe ba shi da ra'ayin kansa," ya ce.
"Inda hankalinki ya tsaya, nan kaifi ke tsayawa.
Ki tsaya kan hannunki, hannu ya sandare.
Ki tsaya kan abokin gaba, ya kama ki tun bai taɓa ki ba.
Mayar da shi kube."

Ba a duban kube in za a mayar,
yatsu ne ke lalubo bakinsa.
Nawa suka makara.
Ɗigo uku a kan katako, ja wur.
Ya ji irin shirun da na yi, ya miƙo ƙyalle.
"Fara goge ƙarfen. Jini na kawo tsatsa."

Na durƙusa, na zauna kan dugadugaina.
Buta na kuka a kan murhu.
Ƙanƙara ta zame daga rufi ta faɗi tim.
Can nesa jirgin ƙasa na ƙarshe ya wuce.
Yatsana na bugawa, ina ƙirga bugunsa,
har ƙirgen ya ɓace mini.
Ba yafe wa Noboru na yi ba.
Fita kawai ya yi, ya tsaya wajen takalma.

Na miƙe.
Ban ce zan sara ba.
Ban san sa'ad da kube ya saki ba,
ban san ko ni na ɗauki takobin ko shi ya ɗauke ni.
Fit!
Zauren ya rabu biyu, ya koma ya haɗe.

Malam bai ce madalla ba.
Ya lalubi buta, ya cika kofi biyu bai zubar ba.
Hankali ke gani, ido gululu ne.

A hanyar gida waya ta yi ƙara cikin aljihu.
Na bar ta ta yi sau uku.
Maganar da na yini ina wasawa tana nan da kaifinta,
na ji nauyinta a ƙugu.
Na ɗauka da hannun da ke ɗaure.
"Noboru," na ce, "ka ci abinci?"