Yatsu Shida

Kwangilar kwana goma sha biyu suka ba ni:
in kankare, in cike tsaga, in shafa farar ƙasa.
Tsohon bankin nan da ke gangaren Taminus,
wanda kuɗi suka ƙaurace wa tun ina goye,
suka bar shi da tattabaru da allon tagulla
mai cewa kayan tarihi ne, kada kowa ya taɓa.
Ni dai an ce in taɓa.

Ginshiƙai shida ne a gaba, tsaye ƙiƙam,
ƙasa da kauri, sama da ɗan tsukewa,
an tsaga jikinsu tsaye kamar kitson shuku.
Kan kowanne ya naɗe hagu da dama
kamar ƙahon ragon layya da ya shekara uku a turke.
Sun ɗauko goshi mai kusurwa uku sun riƙe,
shekara ɗari ba wanda ya ce wash,
ba wanda ya nemi gammo.

Matakala tara daga titi zuwa ƙofa.
An yi su ne, ina ji, don mai shiga ya ƙanƙance,
kafin ya kai ta tara ya cire hula da kansa.
Ciki kanta ce ta katako, baƙa wuluk don tsufa,
da tagogi masu baka, dogaye sun fi raƙumi.
Nan kuzar Dilimi ke kwana, ta tashi fam,
ta hau jirgin ƙasa ba sallama.

Davou ke riƙe mini tsani.
Ya ce gonar accar kakansa na cikin ginin nan,
wai ita ce ginshiƙi na biyu daga hagu,
abin da ya rage musu kududdufi ne kore shar
da ke cin yaro ɗaya duk damina.
Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.
Sanyin Jos na cizon yatsa, na hau.

Can sama, bayan ƙahon ginshiƙi na ƙarshe,
inda idon mai kuɗi bai taɓa zuwa ba,
inda sai ƙadangare da mai tsani,
na share kashin tattabaru da bakin cokali,
sai ga tafin hannu kwance cikin siminti.
Na ƙirga. Na goge ido, na sake ƙirgawa.
Shida.

Goggo Tabawa ta sha faɗa mana a bakin murhu:
kakanku Cindo birkila ne, ya zo daga Zariya a ƙasa,
shi ya ɗora wa bankin Turawa hula.
Mukan ce tatsuniya ce ta tsofaffi.
Ta ce bai taɓa hawa matakalar nan ba,
ta tagar baya ake miƙo masa sulallansa,
ya dangwala yatsa, akawu ya yi ta mamaki
wanne daga ciki zai kira babba.

Allon tagulla ya san wanda ya zana,
ya san manaja na fari da ranar buɗewa.
Bai san Cindo ba.
Shi kuma bai kai ƙara ba, bai roƙi kowa ba,
ya jira siminti na ɗanye, maigida ya juya baya,
ya sa hannu irin nasa.

Na ɗora tafina cikin nasa.
Ya fi ni faɗi. Biyar suka sami masauki,
gurbi ɗaya ya rage, iska na shiga.

Daga ƙasa injiniya ya ɗaga murya:
duk rami a cike, Malam Nomau, a shafe sumul!
Na ce to, ranka ya daɗe.
Na cike na dama, na cike na hagu,
na zagaye wannan da burushi a hankali
kamar mai wanke wa jariri fuska.

Davou ya ce me ka gani ka daɗe haka?
Na ce riƙe tsanin da kyau,
in na sauko kai ma ka hau.