Littafin Baba a Aljihun Mota

Na gaji motar Baba, ban gaji ƙafarsa ba.
Daga Gyallesu zuwa Shika, aikin dare a asibiti,
allurar mai na gangarawa kamar guga a rijiya.
Na ɗora wa yaron gidan mai na Kwangila laifi,
na ce famfonsa ma ya koyi ƙarya.

Lurwanu na Muciya bai yi musu da ni ba.
Ya ɗaga bonet, ya zaro matatar iska,
ya buga ta a gwiwa, ƙasa ta zubo
har ta isa shuka gyaɗa.
"Sista, ko ke aka toshe wa hanci
ai sai kin ninka numfashi kafin ki kai Ƙofar Doka."

Filogi huɗu, biyu sun zama gindin tukunya.
Baƙin mai ya yi kaurin kwantan kunu.
Ya tokari taya da ƙafa, ta lotsa:
"Wannan ba gudu take ba, jan ciki take."
Da ya buɗe but sai kunya ta rufe ni:
buhun masarar bara, tsohon batir,
tukwanen sunan ɗan Sakinatu,
wata uku ina yawo da su kamar bashi.

A aljihun gaba, ƙarƙashin takardun mota,
na tsinci ɗan littafi mai bango ja.
Rubutun Baba ne, siriri, a karkace:
lita kaza, tafiya kaza, ranar kaza.
A gefen wani shafi ya ƙara da fensir:
"Mai saurin taka totur, birki yake ciyarwa."
A wani: "In jira ya kai tsawon alwala, kashe ta."

Na tuna yadda muke yi masa dariya a kujerar baya,
yana sakin ƙafa tun daga nesa
in ya hango cunkoson PZ,
motar na sulalewa da kanta kamar kwalekwale.
Muna cewa tsufa ne.
Ashe lissafin kuɗin makarantarmu yake yi.

Yanzu nakan fita kafin garin ya cika,
in haɗa cefane da gaisuwar Gwaggo a fita guda.
In ɗan acaɓa ya yi min ham a Agoro
sai in ba shi hanya, ya je ya riga ni tsayawa.
Giya a kan kari, ƙafa kamar mai taka ƙwai.
Ran Asabar fakanaiza ya san fuskata.

Mai bai yi arha ba, ban ce ya yi ba.
Amma tankin da Laraba ke ganin bayansa
yau yana kai ni Juma'a da yamma.

Jiya, a bakin asibiti, kafin in shiga,
na buɗe shafin da Baba ya tsaya.
Na sa kwanan wata a ƙasan nasa.
Hannuna bai kai nasa kyau ba.