Ƙusar Tanimu

A Panteka, bayan layin masu ƙera murhu,
akwai ƙusa a ginshiƙin rumfar Tanimu,
inci shida, duk ta yi tsatsa.
A nan yake soke duk rasit ɗin da na yanka masa,
shekara bakwai, ɗaya bisa ɗaya,
har sun jeru kamar tsire a tsinke.

Ni ne mai yankan.
Jaka a hammata, biro a bayan kunne.
In na shigo layi guduma kan yi sanyi,
yaran shago su ce, "Ga Barau nan,"
wasu su danne harafin farko har ya yi ƙugiya.

Tanimu bai taɓa zagina ba.
Yakan ƙirgo ɗari biyar da yatsu masu baƙin ƙarfe,
ya soke takarda, ya ce,
"Na ba ka. To, ina take kwana?"
In ce masa, "Baitulmali,"
kamar na taɓa ganin ƙofarsa.

Daren wata Laraba, cikin Agusta,
ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Ladidi, autata, ta sanƙare a hannun uwarta.
Muka tsallake kwatamin Rigasa da ƙafa
zuwa ƙaramin asibitin unguwa.
Ba wuta. Janareta na nan, cikinsa ne babu.
Sista Rifkatu ta cije waya da haƙori,
tana farautar jijiya da hasken tocila
a hannun da bai kai kaurin rake ba.

Ta buɗe kabad don in gani da idona:
kwali uku, fanko, da matacciyar kyankyaso.
Ta yagi gefen takarda ta rubuta:
ruwa leda biyu, allura, safar hannu, auduga.
"Kemis na ƙetaren titi. Yi sauri, baban yarinya."

Aljihun hagu, nawa ne: dubu ɗaya da ɗari biyu.
Aljihun dama, na gwamnati:
dubu arba'in da ɗaya, an ɗaure da roba,
har yanzu suna warin gawayi da man inji.
A ciki akwai ɗari biyar ɗin Tanimu,
akwai ta Kande mai alale,
akwai ta kurman nan mai facin bokiti.

Na tsinke robar.

Allah ya gani, ban yi alfahari ba.
Amma ina tsaye, ruwa na sauka ɗigo-ɗigo
daga leda zuwa jikin 'yata,
sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na kama aiki:
haraji ya taso daga Panteka
ya isa gadon marar lafiya
bai kwana a teburin kowa ba.

Na sayar da wayata ran Alhamis, na cike giɓi.
Akawu ya ƙirga, ya buga hatimi, bai ɗago kai ba.

Ba na cewa a daina biya.
Rijiya ba ta cika da roƙon maƙwabci,
kuma maganin da baƙo ke aiko mana
ranar da ya ga dama zai rufe jaka.
Ina dai tuna benayen Malali
da littafina bai san hanyar ƙofarsu ba,
inda maigadi ke cewa, "Oga ya yi tafiya,"
alhali labule na motsi.
Ina kuma son allo a bangon Sista Rifkatu,
a rubuta da alli, kowa ya karanta:
ga abin da ya shigo, ga abin da ya saya.

Ran Litinin na koma layi.
Tanimu ya ƙirgo, ya ce, "Na ji labarin yarinya."
Na ce, "Ta sha kunu jiya."
Ya ɗaga takarda zai soke,
ƙusa ta cika, ba wuri.
Ya dube ta, ya dube ni,
bai yi tambayarsa ba yau.
Ya laluba gwangwani, ya zaro sabuwa,
ya ce, "Riƙe mini nan,"
ya ɗauki guduma.