Ƙasan Kwando

Kafin gari ya gama wayewa
motocin Kadawa sun shigo Yankaba,
ni kuma ina bakin ƙofa da gammona.
Shekara goma sha ɗaya ina dako.
Wuyana ya san nauyin kowane kwando,
ya kuma san kukan tumatir:
ba shi da sauti,
ɗigowa yake ta saƙar kwando,
ya bi bayan kunne, ya gangara ƙeya,
ya rine mini riga.

Na sama shi ne ɗan gata,
ja wur, dillali na yi masa kirari.
Na ƙasa shi ya goyo 'yan'uwansa
tun daga Garun Malam,
duk ramin da mota ta faɗa, a bayansa ya sauka.
Da an juye sai a ce da shi: gefe!

Ilu ne ya shuka shi.
Na san Ilu. Da bashi ya sayi man injin ban-ruwa,
ya kwana a gona sauro na yi masa guɗa.
Bai ware wannan ya ce kai na bola ne ba,
ruwa ɗaya ya ba su, taki ɗaya.
Amma kafin la'asar
ga tsibi a bayan rumfa, ƙuda ya kafa kasuwarsa,
alayyafo ya yi laushi, tattasai ya tsufa a yini guda,
muna tsallakewa muna toshe hanci
kamar ba guminmu ba ne yake wari.

Sai Talatuwa.
Daga Kawaji take zuwa, da bokiti biyu da wuƙa marar ƙota.
Ba ta kallon saman kwando.
Takan tsuguna inda kowa ya kau da kai,
ta ɗaga, ta juya, ta sansana:
"Wannan fashewa ya yi, bai ruɓe ba.
Wanda ya faɗi ai ba gawa ba ne."
Kashi uku take yi:
na miyar yau, ga masu tuwon bakin tasha;
na yanka, a shanya a kan rufi ya zama kauɗa;
na ukun, wanda ya riga ya tafi,
a buhu, a mayar wa gona ta ci abinta.

Mun yi mata dariya.
Barau mai albasa ya sa mata suna Sarauniyar Juji.
Ba ta tanka ba.
Da damina ta faɗi, tumatir ya yi fushi ya bar gari,
kwando ɗaya ya kai kuɗin akuya,
na ga matar Barau a ƙofar Talatuwa
da kwano a ƙarƙashin mayafi.

Ni fa ba malami ba ne, kaya nake ɗauka.
Abin da na iya kaɗan ne:
na daina jefa kwando, durƙusawa nake in sauke.
Na roƙi direba kada ya ɗora biyar a kan ɗaya,
ya zage ni, washegari ya ɗora huɗu.
Na jawo buhu na yi wa latas inuwa.
In yamma ta yi, ni ke zagaya rumfuna:
"Me ya rage? Kada a zubar, akwai mai so."
Wasu su ba ni, wasu su ce in wuce.

Tsibin bayan rumfa yana nan, ban ce ya ɓace ba.
Amma da yana kai mini gwiwa,
yanzu idon sawu.

Jiya 'yata Kubura tana wanke rigata,
ta ɗaga ta a rana ta ce,
"Baba, yau jan bai yi yawa ba."
Na ce mata, yana cikin tukunya.