Layi na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ruwan damina ya cinye titin Shyambazar.
Na naɗe ƙafar wando, na aza jaka a ka.
Ina da talatin da huɗu na bar teburina a gidan waya,
na dawo ɗalibi: digiri na biyu, ƙididdiga.

Haradhan mai shayi ya miƙo kofin yumɓu:
"Har yau ba ka gama ƙirgar ba?"
Na ce ba ƙirga muke yi ba,
shakka muke koyon aunawa.

Farfesa Bhaduri ta ba ni jadawali:
waɗanda zazzaɓi ya ɗauke a asibiti guda, damina bakwai.
Babu suna. Shekaru, unguwa, kwanakin jinya.
Wannan kwana uku, wancan biyar.
Mutum ɗaya ya kai arba'in da ɗaya.

"Bare ne," in ji ta, tana goge tabarau.
"Yana jan matsakaicin kamar akuya ta tsinke igiya.
Cire shi."

Layi na ɗari huɗu da sha biyu.
Namiji, sittin da ɗaya, Bagbazar.
Ni na ƙirga kwanakin nan a kan benci,
ni na riƙa kai shinkafa da kifi
ina dawowa da su ba a taɓa ba.

Daren nan sau biyu na yi lissafin.
In babu shi, zanen ya miƙe sambal.
In da shi, sai ya ɗan karkace,
yadda Baba kan karkata kai in yana jin rediyo.

Da safe na miƙa duka biyun.
A ƙasan shafi na rubuta:
ban sami hujjar cire shi ba.