Ɗigo Ɗaya Baƙi

Jaka ɗari da tamanin, sefa,
cikin gwangwanin madara a bayan randa.
Wata goma sha huɗu ina liƙe tayar babur
a bakin gadar Binuwai, faci bisa faci,
kafin gwangwanin ya yi nauyin
da zan shiga kasuwa da kaina a sama.

Na rubuta kayan a yagin buhun siminti:
ƙwaƙwalwa, uwar allo, ram, katin hoto,
ma'ajiya, akwatin wuta, sai allon kallo.
Abu bakwai. Kuɗin kuwa na biyar ne.

Shagon Jibrilla na layin masu gyaran waya,
bayan babbar kasuwar Garwa,
inda warin dalma ke kokawa da na soyayyen kifi.
Ya karanta takardata sau biyu, ya ɗago,
ya ce, "Kai ɗan wane minista ne?"

Na nuna masa wanda ke can sama,
inci ashirin da bakwai,
mai lanƙwasa kamar ƙahon bijimi.
Ya ce, "Jaka casa'in da biyar.
Saya, ka kai gida ka riƙa duba fuskarka,
don ba za ka rage abin tura masa hoto ba.
Zanen ƙwarya ba ya kashe ƙishi."

Na yi shiru. Na haɗiyi yawu.

Muka fara daga katin hoto,
ɗan gwanjo, ya sha wuya a Duwala,
fankarsa ɗaya tana tsaki in ta fara juyi.
Sittin da biyar. Na ce albarka, na tashi,
na kai bakin ƙofa, bai kira ni ba.
Na dawo.

Ƙwaƙwalwa da uwarta, 'yan shekaru shida,
arba'in da takwas.
Ram na so guda babba, ya ba ni ƙanana biyu,
wai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Da na kai hannu ga akwatin wuta mai araha
sai ya buge mini yatsa da sukurdireba:
"A garin nan wuta na dawowa ba sallama,
kamar mai bin bashi.
Wannan zai ƙone maka wata goma sha huɗu
a dare guda."
Na biya ashirin, ciki na ƙugi.

Saura jaka ashirin cif, ba allo.

Ya durƙusa ƙarƙashin tebur,
ya jawo wani mai ƙura, inci ashirin da biyu,
na ofishin motocin Marwa da ya rufe,
har da sauran tambarinsu a goshi.
Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, sai abu ɗaya."
Ya kunna. Can sama, ta hagu,
ɗigo baƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba.
Gangar jiki ya ba ni kyauta, lotsattsiya,
murfinta na gefe ya ɓace tun bara.
Wai ma ya fi, zafin Afrilu na tafe.

Da dare Dudu ƙanwata ta riƙe mini fitilar waya.
Kusa ɗaya ta faɗa ciki, muka girgiza,
muka yi gardama kan wayar da ke ja.
Wajen ƙarfe ɗaya na danna.
Fanka ta yi tsakinta,
ɗaki ya yi shuɗi.

Dudu ta ce, "Ƙuda!"
ta sa bakin zani za ta goge.
Na ce bar shi, nan ne gidansa.

Yanzu in na shiga filin ƙwallo
yana sama da 'yan kallo, ba ya tafi.
In na ja mota cikin dusar ƙanƙarar
da ban taɓa takawa ba,
yana gabana, a kan dutsen da ke hagu.
Wani lokaci sai na yi awa ban gan shi ba.

Gobe da safe akwai tayoyi shida na jirana.
Ni dai ban taɓa ganin abin da ke gudu a garin nan
ba tare da faci ba.